Bakina Ya Tsaya a Tsamiya

Bari in fara da wautata, tunda ita ce mafi nauyi cikin kayan da na ɗauka. Na tashi daga Bagudo na tsallaka ƙasar mutane don in dawo da ɗana, alhali ni da shi ba mu taɓa yin maganar da ta wuce "kawo buta" ba. Ɗan fari ne. Tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa kiransa da shi ba, kuma ko a rubutun nan ba za ku gan shi ba. Haka ubana ya yi wa yayana, haka na tarar, ban kuwa taɓa tambayar dalili ba.

Tun da na dawo 'yan majalisarmu ta bakin kasuwa suka hana ni shan shayi da daɗi. Wannan ya ce yaya Kandi, wancan ya ce da gaske na ci abinci da ɗan Barazil. Kullum na ba da labarin sai na ƙara gishiri, har ni kaina na fara rikicewa. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya huta. Aji uku na yi a firamare kafin malamin ya roƙi ubana ya mai da ni gona, don haka wanda ya ga harafi ya karkace, ya tallafe shi.

Yaron nan ya bar gida ne bayan an gama yankan shinkafa. Ya faɗa wa ƙanwarsa za shi Kandi, cikin ƙasar Benin, wajen wani mai sayar da kayan babur. Ƙanwar ta faɗa wa uwarsu, uwar ta faɗa mini. Haka magana take tafiya a gidana. Muka zauna muna jiran kayan babur, sai ga wani falken albasa ya nuna mini waya. Na ga yaron cikin gajeren wando, an naɗe masa kai da farin ƙyalle, jini ya tsattsafo ta gefen ido, yana dariya. Falken ya ce ƙwallo yake bugawa wajen wani ɗan Barazil, tsohon mai tsaron baya, kuma bayan Juma'a mutumin zai kwashi 'yan kaɗan daga cikin yaran zuwa Kwatano. Daga can, wanda aka zaɓa, sai hayin teku.

Duk wanda ke zaune a bakin iyaka ya san labarin yaran da aka ɗauka da daɗin baki aka watsar a tashar wata ƙasa. Ga gonata ta fadama wajen Kaoje, bara ruwa ya cinye rabi, ga bayana ya daina miƙewa sai da lallashi. Uwar yaron ba ta yi dogon zance ba. Ta ce, "Malam, ka tahi ka taho da shi. In yat tsallaka ruwan nan kana kallo, ba ni yahe maka."

Sai na nemi baki. Mamman ɗan kawuna ne, taubashina, mutumin da zai iya zagin sarki a gabansa sarkin ya yi dariya. Muka shirya cewa shi zai yi maganar, ni in tsaya a bayansa in ɗaure fuska.

Babur ɗaya muka hau mu biyu, Mamman a tsakiya saboda ya ce shi ne mai muhimmanci. Muka haye gadar Tuga ruwa na sheƙi a ƙasa, na kau da kai don ban son ganin ruwa mai yawa a ranar. A Kaoje muka tsaya muka ci waina. Daga nan ɗan kabu-kabun ya ce duk mai fitsari ya yi yanzu, shi ba ya tsayawa a daji, hanyar ba lafiya gare ta ba a 'yan shekarun nan. Na ƙura wa dajin ido. Duk kututturen da na hango sai in ga kamar mutum ne a tsugune. Mamman kuwa sai gwada jawabinsa yake yi cikin iska: "Kai yaro, ubanka ya tsuhwa, ya lalace, dubi abin da ya rage." Na dunƙule hannu na sakar masa a haƙarƙari.

A Tsamiya, bakin iyaka, aka ce kowa ya fito da katinsa. Na miƙa nawa. Mamman ya zaro nasa da isa, kamar mai biyan sadaki. Jami'in ya dubi katin, ya dubi gemun Mamman, ya sake duban katin.

"Baba, yaushe ka daina ɗaura kallabi?"

Katin matarsa ya ɗauko. A ƙarƙashin filo ɗaya suke ajiyewa. An yi roƙo, an yi rantsuwa, Mamman har ya ce ai shi da ita abu guda ne. Jami'in ya ce to ya koma ya turo rabin da ke jikin hoton. Lokaci ba ya jira, Juma'a ta matso. Na tsallaka igiyar iyakar ni kaɗai. Ina tafe Mamman yana ƙwala mini sunan yaron daga baya, wai in riƙe kada ya faɗi a hanya.

A ɓangaren Benin wani jandarma Badande mai jin Hausa ya tambaye ni wurin wa za ni. Na ce wurin yaro.

"Yaron ba shi da suna?"

Na dubi ƙasa. Na ce, "Sunan Annabin da kifi ya haɗiye."

Ya kwashe da dariya har sai da ya dafa teburi. Ya ce, "Ɗan fari ne ke nan. Uwata ma har ta rasu ba ta kira nawa ba. Wuce, tsoho." Wannan ne karo na ƙarshe da al'adarmu ta yi mini rana a tafiyar.

Daga nan wani babur zuwa Sagbana. Abin da na fara lura da shi, man fetur ɗinmu ne jere cikin kwalabe a bakin hanya. Ya riga ni zuwa, ba wanda ya tambaye shi kati. Na biyu, mata na tuƙa babur da goyo a baya, ba mai ko ɗaga kai. Na uku ya fi ba ni haushi: rana na take tsaka sai gari ya mutu. Aka rufe shaguna, direban motar da za ta Kandi ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin motarsa ya kwanta. Na ce masa sauri nake yi. Ya buɗe ido ɗaya ya ce da Dandanci motar ma barci take yi. A Bagudo wanda ya kwanta da azahar ranar kasuwa sai a tafi gaishe shi da jiki.

Yunwa ta sa na sayi burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, da tauri kusan ɗaya. Na kafa masa haƙori, sai na ji haƙorin ne ya ba da kai. Wata mai abinci ta tausaya mini ta zuba mini sakwara da miyar gyaɗa da wagashi, wato cukun Fulani da suke soyawa ya yi ja. Abincin ya yi daɗi, amma ban ji daɗinsa ba. Ina ci ina gwada maganar da zan yi. Ka dawo gida. Kalma uku kacal. Na faɗa wa kwano, na faɗa wa akuyar da ke kallona, duk ta fita sumul.

Da la'asar sakaliya muka shiga Kandi, mu da buhunan gawayi da wata tunkiya da ta yi tafiyar a kan cinyata. Na sauka a zango wajen wani mahauci, Sule, mutumin wajenmu da ya daɗe a can. Ya ba ni ɗakin da yake shanya fatu. Na tashi da safe ina warin da karnukan unguwa suka raka ni har bakin titi. Sule ya ce filin ɗan Barazil ba ya ɓata, in bi yara masu takalmi a wuya.

Ni dai a kaina ɗan Barazil Bature ne mai gashi har kafaɗa. Da na isa filin ban ga Bature ba. Na ga wani dogon baƙin mutum, ya fi ni baƙi, kansa fari fat da furfura, yana ɗingishi yana zuba farar ƙasa a kan layi da gwangwani. Na ce lebura ne. Na ajiye jakata a gabansa, na yi masa alama ya kula da ita, na kuma nuna masa ina son ruwan alwala. Ya tafi ya kawo mini buta da hannu biyu. Ina cikin wanke ƙafa wata mata mai jiki ta fito daga rumfa riƙe da muciya.

"Baba, wa ya ce ka aiki mai gida?"

Ita ce Rakiya, mai dafa wa yaran abinci. Tana jin Hausa da Dandanci da Faransanci, ita ce kuma tafintar mutumin, don shi ya tsinci Faransanci a yawonsa. Na rasa inda zan sa butar. Da ta gaya masa ko ni wane ne, wato uban dogon yaron nan na Najeriya, sai ya watsar da gwangwanin ya rungume ni. Runguma ta gaske, ƙirji da ƙirji, da warin fatun Sule da komai. Na sandare kamar an dasa ni. Sannan ya juya ya ƙwala sunan yaron, ya sake ƙwalawa, sunan na yawo a fili kamar ba shi da mai shi.

Yaron ya taho a guje. Da ya gan ni sai ya rage sauri, ya tsuguna nesa kaɗan, ya sunkuyar da kai ya gaishe ni. Ni kuma na dubi wata bishiyar mangwaro na ce mata lafiya lau. Ta wutsiyar ido na ga tabon da ke gefen girarsa ya warke. Yaron ya ƙara faɗi a kafaɗa. Ya tashi ya koma.

Ɗan Barazil ya dube ni, ya dubi bayan yaron, fuskarsa ta canza. Ya yi wa Rakiya magana da sauri.

"Wai me yaron ya yi maka da ka tsane shi haka?"

Na ce ta gaya masa ba tsana ba ce, kunya ce. Ta daɗe tana bayani, tana nuna ni da muciya. Mutumin ya saurara baki buɗe. Da ta gama ya ce in zo mu ci abinci.

Ku da kuke tambayata me ɗan Barazil yake ci: shinkafa da wake. Kullum. Har da garin rogo soyayye yake barbaɗawa a kai. Na tsallaka iyaka, na rasa rabin haƙori, don in ga baƙin mutum yana cin shinkafa da wake da gari.

A ƙarƙashin mangwaron nan ya ba ni labarinsa, kuma da jikinsa ya ba da shi. Ya nuna tafin ƙafa: nan ya fara, ba takalmi, a unguwar talakawa ta bayan wani babban birni. Ubansa magini ne. Duk wasan da zai yi sai uban ya bar aiki ya zo ya rataya a jikin wayar shingen fili yana kiran sunansa, har yara na yi masa dariya. Yana ɗan saurayi wani mutum mai kwat ya zo ya ce uban ya yarda a tafi da shi kulob na wani gari mai nisa. Ya bi shi. Sai bayan shekaru ya ji uban bai taɓa cewa haka ba, shi ma an gaya masa yaron ne ya nace. Kowa ya yi shiru don kada ya tare wa ɗan'uwansa hanya.

Ya buɗe baki ya nuna giɓi: wannan a Fotugal, gwiwar hannun wani ɗan gaba. Ya nuna ƙashin hanci a karkace: wata ƙasa mai sanyi inda ƙwallo ke zama kamar dutse. A can yana cikin wasa ubansa ya rasu, masu kulob suka ɓoye masa sai da aka tashi, don ba su da wani mai tsaron baya. Ya naɗe wando ya nuna gwiwa, ɗinki kamar na buhu: ƙasar Larabawa, inda aka biya shi da kyau, inda kuma ƙafar ta ƙare. Kulob-kulob da yawa, in ji shi, wasu ko sallama ba su yi masa ba. Bai taɓa sa rigar ƙasarsu ba. Ya ce mai tsaron baya in ya yi aikinsa daidai ba mai tuna yana fili, sai ranar da ya yi kuskure gari duka ya san shi. Ya taɓa cin gidansu da kai, kuma har yau in ya koma garinsu da wannan ake gaishe shi.

Na ce wa Rakiya, "To ki tambaye shi, wanga wahala yaka son kai mini yaro ciki?"

Ya ce bai yi wa kowa alkawarin hayin teku ba. Kwatano gwaji ne, galibi dawowa ake yi. Amma yaron yana da abin da ba a koyarwa: yana ganin haɗari kafin ya taso. Sannan ya ce shi ba ya tafiya da ɗan da ubansa ya hana.

Na ji sanyi har cikin ƙashi. Na ce, "Alhamdu lillahi. Rakiya, ki gaya wa yaron ya haɗa kayanai."

Ta fassara. Mutumin ya girgiza kai.

"Ya ce ba ta bakina ba. Ya ce an taɓa yi masa magana da bakin ubansa, ba zai bari a yi wa wani ba. Kai za ka dubi yaron ka gaya masa. In ka faɗa, shi da kansa zai ɗora shi a babur."

"Ki ce masa a garinmu ba a haka."

"Na ce masa. Ya ce a filinsa ana haka." Ta kwashe kwanuka. "Baba, kalma nawa ce? Ka ce ka gwabza da burodinmu, wannan za ta gagare ka?"

Da yamma suka yi wasa da wasu 'yan gari. Na zauna a kan benci. Ban san kan ƙwallo ba, a gidan kallo ma barci nake zuwa yi. Amma na ji abin da ban taɓa ji ba: muryar yaron nan. A gidana in yana magana sai ka kasa kunne. A nan shi ke tsawa, yana tura wannan dama, yana jawo wancan baya, manyan samari na bin umarninsa. Wani ɗan gaba gajere mai gudu kamar zomo ya kutso, kafin in ƙifta yaron ya riga shi wurin, ya ɗauke ƙwallon ba tare da ya taɓa shi ba. Ɗan Barazil ya daki cinyata don murna, har yau wurin na tuna mini.

Can aka bugo wata ta sama. Yaron da wani suka tashi su biyu, kawuna suka haɗu, na ji ƙarar daga inda nake. Yaron ya faɗi bai motsa ba. Ban san lokacin da na miƙe ba, bayan nan nawa da ba ya miƙewa. Sunan ya taso daga cikina ya zo har maƙogwaro. Abin da ya fito shi ne, "Kai. Kai." Ɗan Barazil ya riga kowa isa da ɗingishinsa, ya tallafi kan yaron, yana kiransa a hankali. Yaron ya buɗe ido, ya tashi zaune, ya tofar da yawu. Mutumin ya sumbaci goshinsa a gaban jama'a. Ni na koma na zauna, na gyara hulata.

Kun dai ga ni kaɗai na dawo. Na tarar da Mamman a Tsamiya ya zama ɗan gari, har ana ba shi shayi bashi. Uwar yaron ta dube ni, ta dubi bayana, ta shige ɗaki. Na ce mata kunya ce ta hana ni. Haka na gaya muku ku ma. Ko kunyar ce kaɗai, ko kuwa muryar nan da na ji a fili ta sa hannu, ni kaina ban rabe ba. Yanzu yana Kwatano, yana kiran ƙanwarsa, ita ke gaya mana. Gonar fadama na ba da rabinta aro.

Abin da ban faɗa a majalisa ba shi ne yadda muka rabu. Safiyar Juma'a shi ya ɗauko jakata zuwa tasha. Ɗan Barazil da Rakiya suka tsaya nesa, suka bar mu mu biyu, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka haife shi. Ya ɗaure jakar a bayan babur, ya ja igiyar, ya sake ja, ya sake kwancewa ya ɗaure. Na gane jira yake yi. Na buɗe baki. Kalma ukun nan da na faɗa wa akuya a Sagbana suna nan a jere. Na dubi tayar babur na ce, "A riƙa sallah kan lokaci."

Ya ce to.

Na ce, "A rage sa kai wurin da wasu ka sa ƙahwa."

Ya ce to.

Na hau. Ɗan kabu-kabun ya taka, injin ya kama. Sai yaron ya matso, ya riƙe ƙarfen baya, ya dube ni cikin ido, karo na farko a rayuwarsa. Ba da muryar gida ya yi maganar ba, da ta filin ya yi ta.

"Baba, da ka ce in taho, da na taho."